Jerin Giyar da Ban Taɓa Ɗanɗanawa Ba

Gara in faɗa tun farko cewa shekaru sun ja, kuma ba zan rantse a kan kowane abu da zan rubuta nan ba. Wasu fuskokin sun cakuɗe mini, ban ma tabbata ko da damina abin ya faru ko bayanta ba. Abin da ban manta ba shi ne takardar da na rubuta da hannuna, da dattijon da ta raba da aikinsa.

Lokacin ana gab da kammala aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Na dawo daga jami'a da digiri a fannin tattalin arziki, na yi wata da watanni zaune a gidanmu a Bakura, har kawuna ya samo mini aiki a wani gidan cin abinci da ke wajen Talata Mafara, a kan hanyar dam. Wani ɗan kasuwa ya gina shi saboda Turawan da ke aikin da kuma manyan baƙi. Ni aikina na ofis ne. Haka na gaya wa mahaifina, kuma ba ƙarya na yi ba, sai dai ban gaya masa ana sayar da giya a gidan ba. Ina jin ya sani. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa ɗago zancen ba.

Baturen da ke riƙe da gidan ya koma ƙasarsu, aka kawo sabon manaja, mutum mai gaggawa wanda bai san giyar inabi ba, kamar yadda ni ma ban san ta ba. A makonsa na farko ya miƙo mini takardar da ake ba wa baƙi su zaɓi abin sha, shafi biyu cike da sunayen da ban iya furtawa ba. Ya ce tunda ni ne mai digiri, in duba masa in rubuto rahoto: wacce ce mai kyau, wacce ce ba ta kai kuɗinta ba, kuma ko mai kula da jerin ya san abin da yake yi.

Mai kula da jerin shi ne shugaban masu kai abinci, wani dattijo mutumin ƙasar Maradun da kowa ke kira Baba. Ruwan dam ya cinye gonarsa, wadda aka ba shi a madadinta kuma tsakuwa ce zalla, don haka wannan aikin ne ke ciyar da gidansa. Ba ya karanta boko. Bai taɓa sa giya a bakinsa ba, in ya taɓa kwalba ma sai ya wanke hannu har gwiwa kafin ya yi alwala. Duk da haka Baturen da ya tafi ba ya sauya komai a jerin sai ya tambaye shi.

Na kwana biyu ina tunanin ko ya halatta in yi aikin. Na lallashi kaina da cewa takarda zan auna, ba abin da ke cikin kwalba ba. Kukun gidan, wani mai barkwanci, ya ce bai taɓa ganin wanda zai ɗanɗana giya da biro ba sai ni, in na bugu in yi masa magana ya kawo mini tawada in wartsake.

A ofis na tarar da wani ɗan littafi da Baturen ya bari. Na karanta shi sau biyu, na fito da ƙa'ida guda wadda na ɗauka na fahimta: giyar inabi tana ƙara daraja in ta daɗe. Da na ɗora jerinmu a kan wannan ƙa'ida sai na ga komai a birkice. Tsofaffin kwalabe, waɗanda shekarar da ke jikinsu ta fi nisa, su ne a can ƙasan shafi na biyu, kuma su ne mafi araha. Sababbi kuwa suna sama.

Na sami Baba a sito da hantsi na tambaye shi dalili. Bayan mun gaisa ya ɗauko wata tsohuwar kwalba, ya ɗaga ta saitin hasken taga. Ya nuna mini yadda abin da aka toshe bakinta da shi ya ɗan turo waje, da wani danƙo da ya bushe a wuyanta. Ya ce a shekarar da na'urar sanyaya siton ta lalace, tun daga bazara har faɗuwar ruwa waɗannan kwalabe suna cikin zafi. Tun daga nan, in ya kai su tebur, kofuna da saura suke dawowa. Ya ce shi ba ya sauraron abin da Bature ke faɗa, don yakan yaba abu saboda kunya. Kofin yake dubawa in an kwashe tebur, da fuskar mutum a kurɓar farko, da ko ya sake neman irinta in ya dawo. Da haka ya san kowace kwalba a siton, ta hoton da ke jikinta: mai hasumiya, mai zakara, mai ganye uku.

"Ɗana, ni da kai duka makahi muke a wanga sha'ani," in ji shi. "Amma ni na daɗe ina lalube."

Na yi dariya, na gode masa, na koma ofis. A nan ne na yi kuskuren. A jami'a an koya mana kada mu rubuta abin da ba mu da madogara a kansa, kuma a wurina madogara ita ce abin da aka buga a littafi. Na rubuta maganar Baba a sakin layi guda, na karanta, na ji tsoron manaja zai ce mai digiri ya koma auna kaya da ragowar kofi. Na soke ta. Na sake rubutawa, na sake sokewa. Rahoton da na miƙa cike yake da "mai yiwuwa" da "bisa ga dukkan alamu". Na ce mai yiwuwa an karyar da darajar tsofaffin kwalabe, kuma zai yi kyau a mai da su sama. A ƙarshe na ƙara jimla guda, wadda na ɗauka ladabi ce: wataƙila nan gaba zai taimaka a samu wanda ke iya karanta abin da ke jikin kwalba.

Manaja bai ga "wataƙila" ba, bai ga "nan gaba" ba. Kafin ƙarshen wata ya sallami Baba, ya kawo wani mai takardar sakandare. Ranar da Baba zai tafi ya bi kowa ya yi masa sallama, har ni. Na kasa ɗaga kai. Na ce masa ban nufi haka ba. Ya ce ya sani, Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki butarsa da buzunsa ya fita bakin hanya neman mota.

Ba a daɗe ba aka yi walimar rana ta ban kwana ga wasu injiniyoyi Turawa. Aka kai musu kwalbar da ke saman sabon jerin, wato irin wadda Baba ya nuna mini a taga. Ina tsaye daga bakin ƙofa. Babbansu ya kai kofin hancinsa, ya ajiye, ya tura shi gefe da ɗan yatsa. Aka buɗe ta biyu, haka. Aka buɗe ta uku. Sai ya waiwaya ya tambaya da gurɓatacciyar Hausarsa ina Baba. Kuku ya raɗa mini cewa ko miyar yakuwa ba ta kai abin nan tsami ba, daga wari ma ya ji. Wannan karon bai yi dariya ba.

Washegari na shiga wurin manaja na gaya masa duk abin da na soke daga rahoton, na roƙe shi ya mai da Baba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce Turawa tafiya suke yi, nan da ɗan lokaci ba mai neman giyar inabi a gidan, to me zai yi da gwaninta? Kuma, in ji shi, ni na rubuta, shi aiki kawai ya yi da abin da masu ilimi suka ce. A kan duka biyun gaskiya ya faɗa.

Wata ranar hutu na shiga mota zuwa Maradun, na yi ta tambaya har aka kai ni sabon matsugunin da aka mai da mutanen ƙauyensu. Na same shi a ƙofar gida yana tufka igiya. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi mahaifina da mutanen Bakura da kuku. Aka kawo fura. Na ba shi labarin walimar, ina zaton zai ji sanyi a ransa. Bai nuna ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe tun ranar. Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin hanya, a nan ne ya yi tambayar da har yau take damuna.

"Kwalaben nan masu zakara da ke kusa ga taga, an ɗauke su daga rana? Su dai lahiyarsu lau, kar a bari su lalace."

Na ce an ɗauke. Ba a ɗauke ba, ban ma lura da su ba.

Gidan abincin bai yi nisa ba bayan tafiyar Turawa. Na sami aikin gwamnati, na yi shekaru ina rubuta rahotanni, kuma ba zan ce na daina sa "mai yiwuwa" ba. Da na sake komawa Maradun aka ce Baba ya tafi kudu neman aikin gidan Turawa, wani ya ce Kaduna, wani ya ce gaba da nan. Iyalinsa ma sun bi shi daga baya. Ba wanda ya iya ba ni tabbaci.

Na san akwai sauran waɗanda suka yi aiki a gidan nan ko suka ci abinci a cikinsa. In na sa wani abu ba a muhallinsa ba, ko na sassauta wa kaina inda bai kamata ba, ina roƙon su aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan. Wanda kuma ya san inda Baba ya ƙare, ko da labarin ba mai daɗi ba ne, don Allah ya sanar da ni.