Fitilar Kwana Arba'in

Ni dai tun farko ban yarda da abin ba. Fitilar da ba ta haska ɗaki, ba ta haska hanya, sai dai mace ta cusa hannu a cikinta kamar mai gasa gurasa, me za a kira wannan? Shekara talatin ina yi wa matan Jidda ƙunshi, daga lungunan Bab Makka har gidajen da ake hawa da lif, ban taɓa neman wutar lantarki don adon hannu ba. Lalle da kansa yake bushewa ya kama, ruwan alwala ya bi ta kansa, sallarki ta yi. Shi kuwa wannan jan farcen da suke ce wa jel, in aka shafa aka gasa shi a fitilar, daskarewa yake kamar fentin mota, ruwa ba ya ratsa shi. Shi ya sa a wajenmu mace mai kula da addininta ba ta sa shi sai a kwanakin da take fashin sallah, kuma kafin ta yi wankan tsarki sai ta jiƙa shi da asiton, ruwan goge farce, ta kankare tas.

'Yata ta fari ce ta jawo ni cikin wannan magana. A nan aka haife ta, Hausar ma a bakinta kamar ta aro take, rabi Larabci. Ni kuwa, kamar yadda uwata ta yi mini can Sudan, ko sunanta ba na kamawa, "ke" ce kawai. Shekararta biyar da aure a lokacin, mijinta yana aiki a wani kamfani a Madinar Masana'antu, mutumin kirki, amma Allah bai kawo haihuwa ba. Kowane wata, da zarar jinin ya zo, sai ta tafi salon a yi mata jel, ja wur. Da farko na ɗauka yarinta ce da ɓarna, ado na kwana bakwai a kankare. Daga baya na gane dabararta: tana yi ne don kada kowa ya tambaye ta. Ran Juma'a take zuwa gidana. In na ga jan nan a hannunta, na san wannan watan ma shiru, sai in ɗora shayi in kama zancen zafin gari.

Na zaci ina kallon a ɓoye. Wata Juma'a ta shigo, ta tsaya a bakin ƙofa ko takalmi ba ta cire ba, ta ce, "Inna, ni nake miki sallama, amma farcena kike amsa wa. Halas, na gaji." Ta yi kuka, ni kuma na yi fushi, don gaskiya ta faɗa. A ranar na rantse a raina ba zan ƙara kallon hannunta ba. Ina da taurin kai, kowa ya shaida. In ta miƙo mini kofi goshinta nake kallo, in mun zauna cin abinci idona yana kan nawa gefen tiren. Wata biyar na yi a haka ban karya ba.

Sai ga wayarta wata safiya. Wai in raka ta Balad, tsohuwar kasuwar Jidda, tana son ta sayi fitilar jel tata ta kanta, ni ce na san kayan hannu. Wanda ke aron tukunya yana sa ran girkin na ɗan lokaci ne, amma in ya je ya sayo tasa, ya zauna ke nan. Na ce a raina yarinyar nan ta fid da rai. Abin da na fi tsoro kuma shi ne abin da kan biyo bayan fid da rai, don na ga matan da baƙin cikin rashin haihuwa ya sanyaya musu jiki har suka yi sakaci da sallah. In fitila tana gida, wa zai san ranar da aka shafa da ranar da aka kankare? Na ce ta biyo ta ɗauke ni bayan la'asar.

Shagon yana cikin wani lungu, bayan masu turare, matsattse ne, kwalaye har rufi. Mai shagon wani dattijo ne mai zaƙin baki, yana ganinmu ya fara "ya khala, tafaddali", ya jawo mini kujera. Duk wanda ya ba ni kujera kafin in tambayi kaya, na san akwai abin da yake so ya lafta mini. Ya jera mana fitilu huɗu a kan gilashi. Ɗaya tsohon yayi ce, mai dogayen ƙwai a ciki, ya ce tana ɗaukar minti biyu kuma ƙwan yana gajiya sai an sauya. Sauran masu ƙananan ƙwayaye ne kamar an watsa gero, ya ce su cikin minti ɗaya ko rabi sun gama. Akwai wata 'yar mitsitsiya kamar gidan sabulu, yatsu huɗu take ci, babban yatsa sai an yi masa nasa daban.

Na ɗauki kowace na juya. Na ƙwanƙwasa bayanta, na shinshina wayar, na sa ya jona mini a wuta in gani da idona. Wani shuɗin haske ya tashi, marar daɗin kallo. Na ce, "Wannan ba ya ƙona fata?" Ya ce abadan. Na ce, "To sa naka hannun." Ya yi dariya ya sa. Na lura bai daɗe ba ya zare, na kuwa gaya masa na gani. Sai ya yarda cewa wasu matan suna jin zafi a farce in jel ɗin ya yi kauri, ya nuna mini wata mai maɓallin da ke kawo hasken a hankali. Da ban matsa ba da ba zai faɗa ba.

Ita kuwa tana tsaye a gefena, tambayoyinta daban.

Ta ce, "Wacce ce ba ta ƙara? Ba na son mai yin tit-tit in ta gama."

Na ce a raina, to, ba a so a ji. Wa ake ɓoye wa?

Mai shagon ya ture biyu gefe. Ya ɗauko kwalbar jel ya ce ta kawo yatsa ɗaya a gwada. Ta ce, "La, mu dahhin, ba yanzu ba," ta ƙara jan hannun abayarta. Ni dai ina kallon kwalayen da ke sama, amma na ji motsin. Na ce a raina wato akwai wani a farcen tuntuni, ba ta so in gani. A kan farcen roba ya gwada mana, ya fito da shi ya buga a gilashi, ƙwas.

Ta ce, "Ina son mai manyan maɓallai, wadda ko mutum bai iya karatu ba zai gane." Sannan ta juyo wajena, ba ta haɗa ido da ni ba. "Inna, a gidanki za a ajiye."

A gidana. Wato mijin ma bai sani ba, ni za a mai da ma'ajiyar ɓarna. Na danne fushina, don ba na son baƙo ya ji mu. Sai ta yi tambayar da ta ƙarasa ni. Ta ce wa mai shagon, da Larabci, a hankali, "In an gasa shi da wannan, zai riƙe kwana arba'in?"

Ya ce gaskiya a'a, mako biyu zuwa uku, farce yana tsiro, sai an cire an sake a tsakani. Ta ce ba komai, a haɗa mata da kwalba biyu.

Kwana arba'in babu alwala. Ban san lokacin da na tashi daga kujerar ba. Na ce masa ya riƙe kayansa muna zuwa, na kama gefen abayarta na ja ta waje, har gindin wani tsohon gida mai tagogin katako inda babu mutane sosai. Ana ta shirin kiran magariba, masu shaguna suna jawo ƙofofi. Na juye mata da Hausa, don a Hausa nake faɗa.

Na ce, "Ke, ni za ki kawo in zaɓa miki abin da zai raba ki da sallah? Kwana bakwai na sani, na yi shiru shekara biyar. Arba'in na mene ne? Don Allah bai ba ki ba sai ki yi fushi da Shi? Kuma a ɗakina za ki ɓoye, marar ƙara, kada mijinki ya ji. Wallahi in kika shigo mini da ita sai na jefa ta a bola." Na faɗi wasu ma da ba zan maimaita ba. Ina faɗa ina kallon goshinta, kamar yadda na saba.

Na yi ta yi har na gaji. Sannan ta ce, "Inna, kin gama?"

Na ce ban gama ba, amma ta faɗi.

Ta ce, "Dubi hannuna."

Na ce na rantse ba zan duba ba.

Ta ce, "Na yafe miki. Yalla, dubi."

Ta zaro su daga cikin abaya ta ɗora a kan nawa. Na duba. Farce goma farare fes, an yanke su gajeru, babu ko ɗigon ja a gefe. Ni mai ƙunshi ce, na san farcen da aka kankare makon jiya, yakan yi kaushi ya yi fari-fari a sama. Waɗannan sumul suke tun daga tushe har baki. Farcen da ya tsiro ya ƙare bai ga jel ba.

Ta ce, "Wata huɗu ke nan ina zuwa gidanki kowace Juma'a. Har miƙa miki kofi nake da hannu biyu."

Na tsaya ina lissafi kamar wata sakara. Mace mai sallah, yaushe take samun kwana arba'in a jere babu sallah a kanta? Ni da na yi jego sau biyar, ni da na san haihuwar fari a ɗakin uwa ake wankanta, a ce sai an kawo ni Balad an jera mini fitilu kafin in gane. Fitilar da ba ta ƙara, don kada ta tashi jariri mai barci. A gidana, don a can za ta zauna. Kunya ba za ta bar 'yar fari ta buɗe baki ta gaya wa uwarta tana da ciki ba, ni ma ban gaya wa tawa ba, gani ta yi. Wannan ta yi wata huɗu tana nuna mini, ni kuwa ina can ina gadin rantsuwata.

Na zauna a kan dakalin gidan mutane. Kunya ta kama ni, da wani daɗi mai ciwo da ban taɓa ji ba. Na riƙe hannuwan ban saki ba. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "To su manyan maɓallan fa?"

Ta ce, "Ke za ki shafa mini. Kin san ba kya ganin ƙananan rubutu."

Muka yi magariba a masallacin da ke kusa, kafaɗarta a jikin tawa. Bayan an buɗe shaguna muka koma. Dattijon ya sake jawo mini kujera, ban zauna ba. Har a lokacin ban yarda da shi ba, na sa ya buɗe sabon kwali a gabana, ya jona, na ƙirga ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya in tabbata duk suna kamawa. Na zaɓi wadda ke kawo hasken a hankali, mai cin hannu gaba ɗaya har babban yatsa, wadda gindinta yake cirewa don a yi na ƙafa. Na ce ya nuna mini yadda ake shafawa, siriri-siriri, sau uku, kowane a gasa. Ya ce a kan farcen roba za mu gwada. Na ce to a kan me da, ni ina sallah.

Ni na rungumo kwalin har bakin titi, na hana ta ɗauka. A cikin tasi ta jingina da ni, hannunta a kan cinyata. Daga Balad har ƙofar gidana ban kalli komai ba sai shi.