Babin da Ummulkhairi Ba Ta Rubuta Ba

Lawan, mai tura wa mutane littattafan sauraro a waya a Babbar Kasuwa, ɓarawo ne. Mutuncin matar aure ya sata. Zan faɗi yadda ya yi, amma da matar zan fara, don saboda ita na ɗauki alƙalami.

Malama Ummulkhairi maƙwabciyata ce a Kinkinau. Da safe tana koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa. In ta dawo ta ɗora tukunya, sannan ta hau keken ɗinki. Littattafan nan nata da mata ke rububi daga nan har Mando, a tsakanin waɗannan ayyuka take rubuta su, da babban yatsa, a wayar da gilashinta ya tsage. Tun ana buga labari a takarda take yi. Masu bugawa suka watse suka kama wasu sana'o'i, ita ba ta daina ba. In an ɗauke wuta sai a kai wayar wurin mai caji, labari ya tsaya a inda ya tsaya. Akwai ranar da wayar ta faɗa bokitin wanki da rabin littafi a cikinta, ta sake shi daga farko. Masu karatu kuwa babu ruwansu. "Anti, ina ci gaba?" "Anti, in kika kashe Jamila a labarin nan, wallahi mun ɓata." Ba mai tambayar ko yatsan ya kumbura.

Tana da ƙa'ida guda da kowa a gidansu ya sani. Ba ta sakin babi sai ta karanta wa surukarta, Inna Lami, wadda idanunta suka daina gani. Bayan la'asar ina jin su ta katanga, ita tana karatu, tsohuwa tana tsinkar zogale tana gyara mata: "A'a, mai takaba ba ta fita haka. Sake." Duk abin da bakinta ba zai iya furtawa a gaban uwar mijinta ba, ba ya shiga littafi. Ke ce marubuciyar da ba ta jira hukuma ta tace mata rubutu ba, Ummulkhairi. Kunyarki ta ishe ki.

To, ga abin da Lawan ya yi. Ya ɗauki sabon littafinta ba izini, ya karanta da muryarsa, ya shiga sayarwa. Da nan ya tsaya, da sata ce irin wadda marubuta suka saba haɗiyewa. Sai ya ga samari ba sa saye, ya ƙirƙiro babi guda na batsa tsagwaronta ya cusa a tsakiya, ya bar sunanta a kai.

Abu ya zaga unguwa. Mazan da ba su taɓa karanta layi ɗaya nata ba suka saurari wannan babi har ƙarshe, wasu har da maimaici, sannan suka fito suna salati suka hana matansu zuwa ajinta. Shugaban makaranta, Malam Yusuf, ya ce ta zauna a gida. Ta ce a duba wayarta, aka ce ai gogewa ake yi. Matar da ta koya wa rabin matan unguwa hukuncin tsarki ta koma ba ta iya leƙa ƙofar gida. Ta gaya wa mijinta ta bar rubutu ke nan.

Inna Lami ce ta sa aka kira mai adaidaita-sahu, ta tafi makaranta da sandarta.

"Malam, kunna min abin."

"Inna, ba abin da ya dace kunnenki ya ji ba ne."

"Kai da ka ji, naka ya guntule? Kunna."

Aka kunna. Tana gyaɗa kai, tana riga mai karatun faɗin abin da ke tafe. Can sai ta ɗaga sanda.

"Tsaya. Daga nan ba nata ba ne. A nan Jamila asibiti ta tafi duba uwarta, ni ce ma na ce a riƙa mata kunu. Wane ɗan iskan ne ya kai ta otal? Tashi, Malam, kasuwa za mu."

A gaban shugaban ƙungiyar masu turi a waya, da aka kunna muryarsa, Lawan ko musu bai yi ba. Dariya ya yi.

"Haba Hajiya, taimakonta na yi. Littafin ba gishiri. Yanzu ga shi kowa ya san ta."

"Kai yaro, mahaifiyarka na da rai?"

"Tana nan."

"To kira ta a wayar nan ka karanta mata gishirin. Muna tsaye."

Bai kira ba.

Haushina bai ƙare a kan Lawan ba. Ku da kuka yanke mata hukunci, shekara nawa kuna zaune da ita? Muryar baƙo a waya ta fi muku halin da kuka gani da idonku. Kuna kukan marubuta sun ɓata tarbiyya, ga wadda ta tsare ta, ita kuka fara jifa. Malam Yusuf dai ya je har gida ya ba ta haƙuri, matan suka koma aji. Sauranku har yau ban ga ƙafarku a zauren gidanta ba.

Makon jiya bayan la'asar na sake jin karatu ta katanga, da muryar tsohuwa tana cewa a sake. Mun gode, Malama. Allah Ya ƙara wa yatsan nan lafiya, Ya bar miki Inna Lami. Ku kuma masu tasowa a rubutu, kowa ya nemi wanda yake jin kunya ya fara karanta masa.

Lawan kuwa, ƙungiya ta sa ya goge littafin a gaban jama'a, ya naɗi muryarsa yana faɗin abin da ya aikata, aka tura wa waɗanda suka saya. Sannan ta karɓe teburinsa ta kore shi daga kasuwar.