Sunan da Bango Ya Maimaita a Batsari

Mun tashi daga Katsina da asuba, ni da ƙanena, a wata a-kori-kura da ta girme mu duka. Kuɗin mota ya ninka, direba ko rediyo bai kunna ba, kowa idonsa na kan daji. Gonakin gefen hanya duk ciyawa ta cinye. Wallahi sai da muka shiga Batsari na tuna ban karya ba.

Wajen Goggo muka je, yayar babanmu. Tun da 'yan bindiga suka kashe ɗanta na fari a ƙauyensu kusa da Runka, take zaune a wani ajin firamare da jikokinta da sauran matan da suka gudo. Ita kaɗai ta rage da ta san iyakar gonarsa, ga jiki ya ƙi. Na zo da manhajar da ke mayar da magana rubutu, don marayun su sami madogara ranar da aka koma.

Ina fito da waya ta kau da kai. "Ɗan nan, nisanta abin nan da ni. A cikinsa na ji muryarsa ta ƙarshe." Na kai wayar kan taga, can ƙarshen aji.

Ajin ba silin, ba benci, sai siminti da kwano, ko tari ka yi sai ya dawo maka. Waje injin niƙa, ciki yara da tukwane. Goggo ta yi ta bayanin iyakar gonar ƙasa-ƙasa, daga tsamiya zuwa rafi, ni kuwa na saki jiki da furar da aka dama mana, wai waya na aiki. Sau ɗaya ta ɗaga murya, ta kira sunansa. Matan suka juyo suna kallonta, don tun da ta haife shi ba ta taɓa furta sunan ba, saboda kunyar ɗan fari.

Mun juyo kafin la'asar, hanyar ba ta yamma ba ce. A gida na buɗe rubutun. "Miƙo gishiri" ya fito, "wa ya ɗauki bokiti" ya fito. Babu tsamiya, babu rafi. Na kunna sautin na kasa kunne, sai gunji. Kalma ɗaya manhajar ta kama daga bakin Goggo, ta rubuta ta sau biyu, nata da na bango: Lawal, Lawal.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Wanda baƙin ciki ya rage wa murya, kusa da shi ake zama, ba a bar wa na'ura. Zan koma in zauna a gabanta. Allah ya sa in tarar da ita.