Yaya Hambali, Ƙurar Dutse Ta Raba Mu

Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Safar, bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran yayana Malam Hambali mai aikin dutse, a gidansa da ke Madabo. Da La'asar aka yi masa sallah, aka kai shi makwancinsa.

Yaya Hambali, tun da Baba ya rasu kai ka zame mini uba. Kai kake raka ni makaranta, kai ka tsaya a kan aurena da Malam Gali, abokin aikinka da kuka tashi shago ɗaya. Duk ɓallin dutsen da ya rage a shago ba ka yarwa. Da shi ka shimfiɗe wurin alwala na masallacin unguwa, da shi ka yi wa Gwaggo Asibi matakala a ƙofar ɗaki don ta daina zamewa in an yi ruwa. Ba ka taɓa faɗa wa kowa ba, a bakin mutane muka ji.

Bara damina ta rusa katangar kicin ɗina a Soron Ɗinki. Da za a sake gini na ce kantar girki nake so, teburin dutse irin na tsaye, na gaji da girkin durƙuso. Na nuna maka hoto a waya, wani farin dutse mai sheƙi irin wanda kamfani ke haɗawa. Washegari sai ga ka da guntayen duwatsu a buhu, ka jera su a tsakar gida, ka ce in kawo manja da lemon tsami da tukunya mai zafi. Ka matsa lemo a kan mabul, da muka goge sai ga tabo, sheƙin ya dushe. Ka zuba manja a kan tayil, ya shige tsakanin layukan ya zauna. Ka ɗora tukunya a kan baƙin giranit, ko a jikinsa. Yusra 'yata tana ta dariya tana cewa Kawu ya buɗe makaranta.

Na ce, "Yaya, ni fa farin nan nake so."

Ka ce, "Mardiya, yana da kyau, ba na musu. Amma duk ranar da muka yanka shi sai ƙirjina ya toshe. Na masu kawo aiki ba yadda zan yi da shi. Na gidanki kuwa, ba ni ba, ba Gali ba."

Muka tsaya a kan giranit. Ranar da za a ɗora, mota ba ta shiga lungunmu, kai da Malam Gali kuka ɗauko shi a hannu. Kuna ajiyewa ka zauna a dakali, ka dafe gwiwa, kana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Leɓenka ya sauya launi. Kai da kake hawa Dutsen Dala da gudu muna yara. Na kawo maka ruwa, ka ce gajiya ce. A ranar nan tsoro ya shige ni, kuma har yau bai fita ba.

Da fari aka ce tarin fuka ne, ka sha magani wata da watanni, tari na ƙaruwa, jiki na zubewa. Sai da aka sake hoton ƙirji wani likita ya tambayi sana'arka. Ya ce ƙurar dutse ce ta taru a huhu ta sandarar da shi, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa. Ya ƙara da cewa: duk wanda ya daɗe yana yanka tare da kai, ya zo a duba shi.

Ko da aka sa maka tiyon iska a hanci, ba kanka kake tunani ba. Ka riƙa aikawa a kira maka masu aikin dutse ɗaya bayan ɗaya. Kalma biyu sai ka huta, kana roƙonsu su daina yanka a bushe, su riƙa jiƙawa da ruwa, su rufe hanci. Wasu sun ji, wasu sun ce ajali ne. Ka riƙe hannun mijina ka ce, "Gali, don Allah ka je. Kada ka bar mini ƙanwa a haka." Ya ce zai je, ya yi ta ɗagawa.

Yaya, ga abin da ban iya faɗa maka kana raye ba, don kada in ƙara maka nauyi: Gali ya fara tari. Ranar zaman makokinka muna ciki da mata, maza cike da ƙofar gida, na ji wani ya yi tari a zaure. A cikin mutanen nan duka na gane nasa. Busasshe ne, gajere, irin naka na farko. Na tashi na shige ɗakin Anti Zuwaira, matarka. Ita da ya kamata in rarrasa, ita ta riƙe ni.

Mutuwarka ta yi abin da roƙona ya kasa yi. Jiya Gali ya je asibiti da ƙafarsa, an ɗauki hoton, an ce ya dawo mako mai zuwa. Yanzu in yana zaune sai in tsinci kaina ina kallon yadda ƙirjinsa ke ɗagawa. In ya lura sai ya yi murmushi, ni kuwa in kau da kai.

Allah Ya jiƙanka, Yaya Hambali, Ya sa wahalar numfashin nan ta zama kaffara, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makoma. Ina miƙa ta'aziyya ga Anti Zuwaira, da 'ya'yanka Muttaka da Firdausi, da Gwaggo Asibi, da jama'ar Madabo baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri. Wanda duk ya karanta wannan, ya yi wa yayana addu'a, sannan ya sa mijina a ciki. Ya Allah, Kai Ka san abin da ke cikin hoton nan tun ba a buɗe ba. Ka sassauta mana.