Ranar da na raka Kawu sayen zarto

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai yankan katako ne. Gidansa yana unguwar Balbil, cikin Tireshbil a birnin Abijan, amma rabin shekara a daji yake yin ta. Yakan hau mota a tashar Gar da Basam da zarton injinsa a cikin buhu, wanda mutanen Abijan ke kira toronsonez, ya yi wata ɗaya ko biyu ba mu gan shi ba.

Shekara kaɗan kafin ƙasar ta rikice, injin nasa ya mutu, mutuwar da makaniki ya ce ba tashi. Wata Asabar ya same ni a kantin maganin da nake aiki.

“Ɗiyata, ki raka ni kasuwar Ajame. Takardun nan da Faransanci suke, ke ce mai ido.”

Muka shiga tasin haɗaka, woro-woro, muka haye gada. Shagon yana bayan kasuwa, wajen unguwar Barakodi, na wani Alhaji Bakano da Kawu ya daɗe yana sayen sarƙar zarto da filogi a wurinsa. Bayan doguwar gaisuwa, Alhaji ya ɗora inji biyu a kan tebur. Ɗaya irin na Kawu ne, ƙato, mai nauyin tsiya. Ɗayan sabon yayi ne, ya fi shi sauƙin ɗauka.

Na buɗe littafin sabon ina karantawa, ina mayar masa da Hausata mai ɗingishi. Yana da birkin da ke tsayar da sarƙa idan injin ya yi tsalle ya nufo fuska. An sa masa waɗansu ƙarafa masu lanƙwasa don kada girgiza ta riƙa shiga hannu. Na yi murna ƙwarai. Na ce, “Kawu, ai wannan ba shawara a ciki. Sabon za ka ɗauka.”

“Malam, ka gwada dai,” in ji Alhaji. “Inji sai an ji shi.”

Muka fita bayan shago inda aka ajiye wani gungume. Kawu ya ja igiyar sabon, ya tashi nan take. Ya kafa shi a jikin gungumen, ya yanka ɗan kaɗan, sai ya tsaya. Ya dubi hannuwansa, ya dubi injin. Ya sake gwadawa. Na ga bakin zarton yana karkacewa, yankan yana tafiya a gicciye, shi da ake yabo da miƙaƙƙen yanka. Ya kashe ya ajiye.

Da ya tayar da tsohon, ƙarar ta cika lungun, kafaɗunsa suna rawa. Ya raba gungumen gida biyu, sumul.

Alhaji ya koma ciki wurin wani mai saye. Kawu ya matso kusa da ni, ya miƙo hannuwansa. Yatsun sun yi fari fat daga tsakiya zuwa sama, kamar an jiƙa su a ruwa tun safe.

“Tsungule ni,” ya ce.

Na tsungule shi. Ya ce in ƙara. Na ƙara har farcena ya bar shaida.

“Ban ji ba. An fi shekara haka. Wancan sabon, idan na riƙe shi ban san ko yana hannuna ba. Wannan kuwa yana jijjiga ni har gwiwar hannu, da nan nake sanin inda yake.”

Na ce masa ai girgizar ce ta kashe yatsun, kuma tsohon zai ƙarasa su. Na ce ya zo mu ga likita. Na yi ta magana, Faransanci yana kuɓuce mini, yana saurare yana gyaɗa kai.

“Na ji. To in bar daji in yi me? Ki yi mini abu ɗaya. Kada Tantinki ta ji.”

Tanti muke kiran matarsa. Na yi shiru, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin alkawari. Tsohon muka saya. Ni na riƙe masa buhun sarƙoƙi har gida, Tanti ta tarbe mu da ruwan sanyi tana sa albarka.

Daga nan duk tafiyar da ya yi, idan wayar kantinmu ta yi ƙara sai in ɗauka mummunan labarinsa ne. Bai taɓa yanke kansa ba, Allah ya tsare. Abin a hankali ya zo. Bayan damina biyu ya dawo ba ya iya sa maɓallin riga. Aceke, dambun rogo, da kifi, da ya fi so, sai ya zube tsakanin kwano da baki. Ni da Tanti muka kai shi babban asibiti, likita ya duba, ya ce an makara.

Muna fitowa, Kawu ya yi gaba. Tanti ta riƙe mini gefen zane.

“Ke da kike cikin magunguna kullum, ba ki taɓa lura ba?”

Da na ce a'a, da ta yarda. Na ce mata na sani tun ranar Ajame.

Ta saki zanen. Ba ta yi faɗa ba. Ta bi mijinta ta kama masa hannu suka tsallaka titi. Na ci gaba da zuwa gidan kowace Juma'a, tana amsa gaisuwata, tana zuba mini abinci, amma ta daina aikena ko'ina.