Yashin Kawu Labbo

Duk wanda ya taɓa zuwa yi wa Kawu Labbo sallama zai tafi Gummi ya san abin da ke biyo baya. Ba zai ce a gaida mutanen can ba, ba zai ce Allah ya kiyaye hanya ba, sai ya shige ɗaki ya fito da ƙaramin buhu ya danƙa maka.

"Yashi. Na tsakiyar gulbi, ba na baki ba inda shanu ka fitsari."

Jama'a suna yi wa dattawansu tsarabar goro da turare, mu ƙasa muke yi wa namu dako. Ga wanda bai san dalili ba, Kawu ya yi aikin kuku tun yana saurayi a wata kwalejin horon malamai, a can matar shugaban makarantar ta koya masa gasa kek. Da ya yi ritaya ya dawo Anka da tukunyar ƙarfe guda da aƙida guda, cewa Juma'a ba ta cika sai kek ya fito. A wanke yashi sau uku, a shanya a tabarma, a tankaɗe da rariya, a zuba a gindin tukunya. A ɗora gwangwanin kwaɓi a kai, gawayi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Ana saukowa daga masallaci yaran unguwa za su yi layi, kowa ya sami yanka ɗaya, sirir, wanda in ka ɗaga shi sama za ka iya karanta jarida ta cikinsa.

Ku da kuka san shi kun san kuma cewa a shekarar dalma an sami guba a yashin nan, kun ji shi da bakinsa yana cewa laifinsa ne. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kuma wannan maganar nake son gyarawa. Ku yi mini haƙuri in bi ta doguwar hanya, malamin makaranta ba ya iya shiga darasi ba gabatarwa.

Farkon dawowarsa ya sha surutu. Namiji da gemu, zaune a tsakar gida yana kaɗa ƙwan zabi da man shanu! Inna, wato ƙanwarsa kuma mahaifiyata, ta yi wata guda tana zagayewa ta bayan gida don kada a tare ta da tambaya. Har limamin unguwa, abokinsa na yarinta, ya zo da kansa ya yi masa nasiha.

"Labbo, wannan ba aikin mata ba ne?"

Kawu ya yanko kek ya miƙa masa. Liman ya tauna a hankali, ya lumshe ido, ya haɗiye.

"To, mi littafi yac ce?" in ji Kawu.

Liman ya sake miƙo hannu. "Mas'alar tana buƙatar ƙarin bincike."

Shekara da shekaru yana wannan binciken duk Juma'a, har Allah ya karɓi ransa bai fitar da fatawa ba.

Sannu a hankali labari ya kai birni. Akwai irin mutanen nan na Gusau da Sakkwato da ba su jin daɗin abinci sai sun sha wahalar gano shi. Wata Hajiya ta taso takanas daga Gusau, ta ce an ba ta ɗanɗano a gidan suna, ta rantse ba ta taɓa cin irinsa ba, tana so ya yi mata na bikin 'yarta, mai hawa uku.

"Hawa uku?" Kawu ya dube ta ta saman tabarau. "Hajiya, ci za a yi ko haya za a ba da?"

Ta yi dariya, ta ce to ko mai hawa ɗaya ne, a ba ta na yau ɗungum ta tafi da shi. Ya nuna mata layin yara da sandarsa.

"Waɗanga sun riga ki. In kina so, ki bi bayan wancan mai majinar."

Wallahi ta bi! Da gyalenta da ƙamshinta ta tsaya bayan mai majina, ta karɓi yankanta, ta koma Gusau tana ba da labari kamar wadda ta dawo daga Umra.

Ni kuwa Mai Alli yake kirana, saboda a ganinsa duk ilimina ƙurar allo ce. Lokacin ina koyarwa a Bukkuyum, kuma aiki yakan kai ni Gummi, don haka ni ne babban ɗan dakon yashi. Wata rana na manta. Sai da na sauka a tashar Anka na ga buhu wayam a jakata. Ga tulin yashin magina a gefen hanya, na ce ai yashi yashi ne. Na cika buhu na kai masa ina ta haki, don ya ga na wahala.

Ya ɗebo kaɗan ya murza tsakanin yatsu. Ya shinshina.

"Mai Alli, gulbin Gummi ya fara gini?"

"Gini kuma, Kawu?"

"Wanga yashi da siminti yak kwana. Mai da musu kayansu, kar katangarsu ta rasa."

Haka na koma da rana tsaka na juye wa magina yashinsu suna kallona. Da ni mai ɗaukar darasi ne kamar yadda nake mai bayarwa, da labarin ya ƙare a nan.

Bayan wasu shekaru na sake mantawa. A hanyar dawowa mai babur ya ratse da ni ta daji don hanya ta ɓaci, muka biyo ta wata ƙorama ba nisa da Tungar Daji. Yashinta fari, mai laushi, kamar an tankaɗe. Can sama na hangi mutane sun duƙa da kwanoni suna wanke niƙaƙƙen dutse, neman zinariya. Na ga abin, ban sa shi a raina ba. Na cika buhu. A lokacin ciwon yanar ido ya fara rufe idon Kawu. Ya murza, ya shinshina, ya yi murmushi.

"Yau ka zama mutum, Mai Alli."

Na ji daɗin wannan yabo. Ku rubuta wannan ma a cikin laifina.

Ba a daɗe ba aka fara jin yara suna suma suna mutuwa a ƙauyuka. Kun san sauran, ba sai na tayar muku da shi ba. Ma'aikatan lafiya suka cika Anka, aka ce dalma ce, tana cikin dutsen da ake niƙawa, tana cikin ƙura, tana cikin ƙasar tsakar gida da inda ake wanke dutsen. Da na ji an ambaci wurin wanki, sai na tuna da masu kwanonin nan na saman ƙorama. Na yi kwana uku ina gaya wa kaina cewa ƙoramu suna da yawa.

Ranar Alhamis da la'asar na same shi a tsakar gida yana sake tankaɗe yashin, ƙura tana tashi, yara biyu suna wasa kusa da tabarma. Na durƙusa na gaya masa. Ya ajiye rariya. Na jira zagi, na ma yi fatan zagi.

"Juma'a nawa ke nan?"

"Bakwai, Kawu."

"Ɗauki buhun."

Muka tafi wurin ma'aikatan. Akwai wata nas, Sista Rifkatu, wadda ta daɗe a garin nan har tana kiransa Baba. Ta sa aka kawo wata na'ura mai kama da bindigar wasan yara, aka ɗora bakinta a kan yashin. Ban iya karanta abin da ta nuna ba, amma na iya karanta fuskar Sista.

"Baba, wannan kada ya ƙara kwana a gidan da yara suke."

"Ɗiyan mutane sun ci, Sista."

"Kek ɗin yana cikin gwangwani, wannan da sauƙi. Ƙurar ce abin tsoro. Duk yaron da ke shiga gidanka a kawo shi a duba jininsa."

Washegari Juma'a ce, kuma ita ce ta farko da ba a hura gawayi a gidan ba. Ya ɗauki sandarsa ya bi unguwa ƙofa ƙofa, ina biye da shi. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi, da ƙarfi, don na cikin gida ma su ji.

"Salamu alaikum. Ni Labbo na kawo yashi mai guba cikin unguwa. Ku ba ni ɗiyanku a duba."

A ƙofa ta biyu na buɗe baki zan yi magana, ya sauke mini sanda a ƙwauri. Da muka matsa gaba ya ce, ƙasa-ƙasa:

"Kai malamin makaranta ne. In anka ji kai ne, wa zai ƙara ba ka ɗansa? Ni kau tun tuni anka gama cewa ba ni da hankali."

"Amma Kawu, ƙarya ce."

"Wa yaz zuba shi a tukunya? Wa yat tankaɗe? Rufe mini baki."

Na rufe. Kuma gaskiya ban sha wahalar rufewa ba, abin kunyar ke nan.

Aka duba yara. Allah ya taƙaita, aka ce yawancinsu lafiya lau. Sai Hafsatu, 'yar Malam Isa maƙwabcinsa, mai shekara uku, wadda ta fi kowa zama kusa da tabarmar shanya. Ita aka samu da dalma a jini. Ta sha magani ta tashi, amma kun san Hafsatu, har yau magana tana yi mata nauyi, karatu kuma bai zauna ba. Sista ta ce mahaifiyarta 'yar Sunke ce, ɗaya daga ƙauyukan da dalmar ta shafa, suna yawan zuwa can da yarinyar, ba mai iya cewa ga inda ta samo. Ni na rungumi wannan bayani na yi shekaru ina fakewa a bayansa. Kawu ko sau ɗaya bai taɓa ambatarsa ba.

Aka kankare ƙasar tsakar gidansa aka tafi da ita, har da tukunyar, shi da kansa ya miƙa ta. Wasu iyaye suka hana yaransu zuwa. Malam Isa ya koma amsa sallamarsa da baki kawai, fuska a gefe. Sista ce ta ba shi shawara ya gwada gishiri maimakon yashi, ta ce haka suke yi a garinsu.

"Gishiri na miya ne," ya ce, ya yi fushi na mako biyu, sannan ya aika a sayo tiya guda da sabuwar tukunya. Kek ya fito sumul. Ya ɗanɗana ya taɓe baki.

"Irin ɗalibanka ne, Mai Alli. Ga takardar shaida, babu ilimi."

Amma da gishirin ya ci gaba da gasa wa layin da ya ragu.

Bara 'yata Zainabu ta zo daga Abuja. Tana da shafi a waya inda take nuna wa mutanen birni abincin da suka manta, kuma ta ce suna haukar son duk abin da aka ce na gargajiya ne. Ta kafa wayarta a kan turmi.

"Angona, yau za ka yi suna. Kek ɗin yashi nake so, na asali. Ni zan kawo yashin."

"Amarya, na sake ki saki uku in kin kawo mini yashi gidan nan."

"To me ya sa ka daina? Faɗa wa masu kallo."

Ina zaune a gefe, hulata a gwiwa. Ya juyo da idanunsa da ba su gani sosai wajen da nake, sannan ya mai da su ga wayar.

"Sakaci niy yi, na cuci ɗiyar maƙwabci. Duk mai gasawa da yashi ya san inda anka ɗebo shi, in bai sani ba ya sa gishiri. Kin ɗauka? To kashe."

Ta sa bidiyon a shafinta. Mutanen da ba su taɓa ganin Anka ba suka yi ta yabon gaskiyar tsoho, wasu kuma suka zage shi. Na karanta duka, ɗaya bayan ɗaya.

A ciwonsa na ƙarshe na roƙe shi ya sake ni in faɗa, tunda na yi ritaya, ba mai ba ni ɗansa yanzu balle ya karɓe.

"Ina da rai ba ka ƙaryata ni gaban jama'a," ya ce. "In na tafi ka yi yadda kag ga dama. Amma ba da taro za ka fara ba. Ka fara da gidan Isa."

Jiya da hantsi na je. Malam Isa yana zaure yana gyaran igiya, Hafsatu ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Na gaya masa komai, tun daga ƙorama. Ya ci gaba da gyaran igiyarsa, kai a sunkuye. Ban nemi ya yafe mini ba, shi ma bai ce ya yafe ba, wannan maganar tana gaba, kuma hakkinsa ne ya ɗauki lokacin da yake so. Da ya ɗago, abin da ya ce shi ne:

"Shekara nawa mutumin nan yana yi mini sallama ina kau da kai?"

Ya ajiye igiyar, ya jawo takalmansa.

"Tashi ka raka ni maƙabarta."

Ya Allah, ga bawanka Labbo, ya ɗauki kayan da ba nasa ba, bai taɓa yin ƙorafi ba. Ka sauke masa nasa. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka ba Hafsatu lafiya da sauƙin rayuwa. Ni kuma da na bar shi ya ɗauka, ka ba ni ikon gyara abin da ya rage. Amin.