Kira Mini Shi

Har yau in na ji ƙaurin injin fotokwafi da ya ɗau zafi, shagon Baffa nake tunawa, can bayan kasuwar Garwa, inda yake buga wa mutane takardu.

Akwai wata tsohuwar kwamfuta a lungun shagon. In an jima ba a taɓa ta ba, sai fuskarta ta yi duhu, hoton mahaifina ya fito. Yana tsaye jikin motar auduga, wadda ta kife da shi a hanyar Pitowa ina 'yar ƙarama. Hotonsa ke nan kaɗai da ya rage mana.

Saboda shi Kaka take zuwa duk Juma'a, ko da ranar bazara tana dafa ƙwaƙwalwa. A wurinta kwamfutar barci take yi, tana mafarkin ɗanta. To, jiran barcin ne aiki, ga Kaka ba haƙuri. Ko tari ka yi sai ta harare ka, wai za ka tashe ta. Da abin ya ishi Baffa sai ya koyo dabara. Yakan buɗe wata baƙar taga, ya rubuta umarni layi guda, ya danna, hoton ya taso nan take. Sai ya janye hannu kamar ya taɓa wuta, don maɓalli ɗaya ya isa ya kore shi.

"Kira mini shi," kawai take cewa.

Wata damina aka dawo da wuta da ƙarfi, ta ƙona cikin kwamfutar. Mai gyara ya tashe ta, amma hoton ya tafi. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe wa Kaka gani. Juma'a ta zagayo, ta zo ta zauna a kujerarta. Baffa ya dube ni, na sunkuyar da kai. Ya rubuta layin. Wasu ɗigo-ɗigon haske suka shiga yawo a baƙin gilashi.

Kaka ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Yau fuskarsa ta yi haske," ta ce. "Allah ya haskaka kabarinka, ɗana."

Baffa ya ce amin, ya tashi ya fita waje. Haka muka yi ta yi har ta rasu.

Yanzu ni ma aikin kwamfuta nake yi, wayata cike da hotunan da ban ma kallo. Layin nan na haddace shi, wani lokaci nakan rubuta shi in zauna ina kallo. Abin da ke cina shi ne, kamannin mahaifina sun ɓace mini sarai. Kaka kaɗai ke iya ganinsa, ita kuma ta tafi da shi.